Keken ɗinkina da Kano Pillars

Ni tela ne, haifaffen Yakasai a cikin birnin Kano, kuma mafi yawan abin da na mallaka a duniya ta hanyar Kano Pillars Allah Ya ba ni shi. Ban taɓa buga mata ƙwallo ba, ban taɓa riƙe mata muƙami ba, sunana ba ya cikin wata takarda tata. Tuta nake ɗinkawa, da hula, da riga, kore da ruwan ɗorawa, in kai bakin filin wasa na Ƙofar Mata duk ranar da ake da wasa. Da wannan na yi aure, da shi na sayi fili, da shi 'ya'yana suka shiga makaranta. Shi ya sa in ana hirar Pillars a majalisa, wasu maki da kofi suke lissafawa, ni kuwa har tukunyar gidana maganar take taɓawa.

A 1990 mahaifina ya kama hannuna ya kai ni shagon ƙanin mahaifiyata in koyi ɗinki. A shekarar aka fara gasar ƙwararru a Najeriya, a shekarar kuma aka haɗe ƙungiyoyi uku na Kano, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka fitar da Kano Pillars. In ana maganar waɗanda suka tsaya aka yi wannan haɗi, sunan Alhaji Ibrahim Galadima ake fara kira, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Kawu bai yi murna da haɗin ba. Shi mutumin Raccah Rovers ne, wadda ta ci lig a 1978, kuma a wajensa tun daga nan aka gama ƙwallo a Kano. Yana taka keke yana ce mini, "Kai yaro, ƙungiyar da aka haɗa a ofis ba ta shiga zuciyar mutane. Sa mini zare a allurar nan." Amma shekara ɗaya da kafuwarta Pillars ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, inda El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta, kuma na lura ranar Kawu bai bari an kashe rediyo ba har aka tashi.

A filin Sabon Gari na fara ganin Pillars da idona. Wata rana na tattara ƙyallayen da suka rage daga ɗinkin sallah, na zaɓi kore da rawaya, na haɗa 'yar tuta na ɗaura a kara, don kawai in riƙa kaɗawa. Kafin in shiga fili wani mutum ya tare ni ya ce nawa. Na faɗi abin da ya zo bakina, ya biya bai taya ba. Da na koma na nuna wa Kawu kuɗin, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce daga yau duk ƙyallen da ya faɗi ƙasa nawa ne. Zamanin su Ahmed Garba Yaro Yaro ke nan, lokacin da yaran unguwa ke faɗa a kan wanda zai amsa sunansa a wasan yamma.

Sana'ar ta zama sana'a ne da aka koma babban fili na Sani Abacha a Ƙofar Mata. A 1999 Kano na cikin garuruwan da suka karɓi gasar duniya ta matasa, a 2000 kuma aka buga wasu wasannin kofin Afirka a nan, muka ga Masar da Senegal a garinmu. A waɗannan gasa biyu na koyi abin da ba a koya a kan keke. Na gane ƙaramar tuta ta fi babba tafiya, domin mai shiga kallo ya riga ya biya tikiti, canji ne ya rage masa. Na gane yadin da ke zuba in ya ji gumi sau ɗaya zai kashe maka kasuwa, don haka na daina sayen yankakke, na koma ɗaukar bandir a Kantin Kwari wajen mutumin da na yarda da shi. Na gane kuma ciniki kafin wasa ne. Bayan an tashi, in an ci, mutane sun tafi da murna ba sa tsayawa, in ba a ci ba, ko kallonka ba za su yi ba.

Wanda bai taɓa zuwa Ƙofar Mata ranar wasa ba, ba zai san yawan mutanen da Pillars ke ciyarwa ba. Tun bayan azahar titi yake cika. Masu gurasa, masu rake, masu balangu da tsire, yara masu fiya wata, mata masu awara da zoɓo, masu gadin babura, 'yan acaɓa kafin a hana su a 2013, bayansu 'yan adaidaita sahu. Ni tun Alhamis nake yanka, Juma'a bayan an sauko daga masallaci a hau keke, Asabar a ɗaura wa tutoci kara, Lahadi a fita. Da la'asar ta yi sai ka ji ganguna da algaita daga ciki, fili ya ɗauki "Sai Masu Gida!" gaba ɗaya. A shekarun ne gidajen kallo suka cika gari, samari suka rabu tsakanin Arsenal da Chelsea da Manchester United da Barcelona, jesi mai araha ta fara shigowa daga Chana. A garuruwa da yawa wannan ya kwashe mutane daga filayen wasa. A Kano bai yi ba. Yaro zai yi musun Chelsea da safe, da yamma ya sa kore da rawaya ya zo ya bi layi.

Daga 2003 zuwa 2015 babu ƙungiyar da ta zo Kano ta ci Pillars a wasan lig, wasanni sama da 200. Na san abin da mutanen wasu garuruwa ke faɗa a kan wannan, cewa tsoron 'yan kallo ne ke sa alƙalan wasa su karkata. Gaskiya ne a lig ɗin Najeriya cin wasa a waje abu ne mai wuya ko'ina, kuma alƙalanci na da nasa ciwon. Amma ai kowace ƙungiya na da gidanta da 'yan kallonta, me ya hana su yin shekara 12? Ni da nake tsaye a ƙofa ina ganin baƙi suna saukowa daga mota, na san da yawansu tun a nan gwiwarsu ke sanyi, da sun ga cikar mutane da zafin ranar Kano.

A 2008 Pillars ta ɗauki kofin lig karon farko, Kadiri Ikhana na koci. A makon na sayar da duk abin da ke shago, har tutar da na rataye a ƙofa don ado wani ya roƙe ni ya saya. Kuɗin ne ya cike mini kayan lefe, na biya sadaki, aka ɗaura aure kafin azumi na gaba. Kawu a lokacin ya tsufa, ido ya yi rauni, ya bar mini shagon. Ya kira ni ya ce, "Ɗana, ɗinka mini hula guda, amma kada rawayar ta yi yawa, ni dattijo ne." Na yi masa koriya da siririn zare ruwan ɗorawa a baki. Da ita yake zama a ƙofar gida har Allah Ya karɓi abinsa.

Amsar da nake ba masu cewa a gida kaɗai Pillars ke da ƙarfi ita ce 2009. A gasar zakarun Afirka aka haɗa mu da Al Ahly ta Masar, wadda ke riƙe da kofin, ta kuma ci shi sau 6 a lokacin, ga shahararren ɗan wasansu Aboutrika a cikinsu. Suka zo Kano aka tashi 1-1. Kowa ya ce an gama da mu, domin wa ke zuwa Alƙahira ya fito da rai? Har ni ban yanka sabon yadi ba a makon. Daren wasan muka taru a shago, maƙwabta da yaran shago da masu wucewa, kowa ya kasa kunne. Aka tashi 2-2, ƙwallayen da muka ci a waje suka fitar da Al Ahly. Ban taɓa ganin Kano ta fita titi da daddare irin na ranar ba. Daga Yakasai zuwa Ƙofar Nassarawa babura ne ke ta hon, dattawan da ba ruwansu da tamaula suna leƙowa suna tambaya ko an ga wata ne. Kocinmu a lokacin Bature ne ɗan Sulobeniya, Ivo Sajh. A rukuni muka haɗu da Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, muka fito a sama. Har 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram da ke zuwa Kwari sari suka fara neman shagona suna sayen huluna su tafi da su. Abin da ya yi ciwo shi ne ba Larabawa suka tsayar da mu ba, 'yan gida ne. Heartland ta Owerri ta ci mu 4-0 a can, ta zo Kano ta ƙara 1-0 a wasan dab da na ƙarshe. Har yau in na tuna sai in ji da a ce wata ƙasa ce ta cire mu da ya fi mini sauƙi.

Kakar da ta biyo baya wani siririn yaro daga Jos, Ahmed Musa, ya ci ƙwallo 18 a lig, abin da ba a taɓa yi ba kafin shi, ya wuce Holan. Ba mu ƙoshi da kallonsa ba ya tafi.

Shekarar 2012 ba mai son tuna farkonta a Kano. Ranar 20 ga Janairu bama-bamai suka tashi a gari, aka rasa rayuka masu yawa, aka sa dokar hana fita, shingayen bincike suka cika tituna, kasuwa ta mutu. Mutum na tsoron taro ko da na ɗaurin aure ne. A wannan shekarar Pillars ta ci lig a hannun Muhammad Babaganaru. Ba zan ce ƙwallo ta share wa wanda ya rasa ɗan'uwa hawaye ba, amma na ga mutanen da suka yi watanni ba su yi dariya ba sun rungume juna a bakin fili. Ta sake ci a 2013, ta ƙara a 2014 a hannun Okey Emordi. Sau uku a jere, abin da kafin mu Iwuanyanwu Nationale da Enyimba suka yi. Rabi'u Ali Pele a tsakiya, Gambo Muhammad a gaba, Theophilus Afelokhai a raga, Shehu Abdullahi yana tasowa. A waɗannan shekaru na ƙara kekuna, na sayi janareto, na ɗauki yara, na biya kuɗin fili a bayan gari. Riga goma in na ɗinka, fiye da rabi sunan Pele ake so a baya.

Akwai abin da nake so a lura da shi a nan. Kano gari ne da ya sha ganin rigima tsakanin cikin birni da Sabon Gari. Amma a Pillars Bahaushe da Inyamuri da Bayarabe da mutumin Edo riga ɗaya suke sawa, kuma ɗan Fagge ko ɗan Ƙoƙi ba ya tambayar addinin wanda ya ci masa ƙwallo. A Fabrairun 2018 Chinedu Udoji, ɗan wasan bayanmu, ya rasu a haɗarin mota a Kano, bayan wasa da tsohuwar ƙungiyarsa Enyimba. Samarin da suka zo shagona a makon suna neman a rubuta musu sunansa a bayan riga, yawancinsu daga masallaci suka biyo. Ban karɓi kuɗin rubutun ba.

Faɗuwa ta fara leƙowa ne a 2015. A Maris 'yan fashi suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna tafiya Owerri wasan farko na kaka. 'Yan wasa biyar suka ji rauni, har da Gambo. A Agusta Nasarawa United ta zo Ƙofar Mata ta ci mu 2-1. Ranar na ga manya suna kuka. Yaran da aka haifa a 2003 ba su taɓa sanin ana cin Pillars a gida ba, suka fito suna kallon iyayensu.

Wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 2018 a Asaba, ba na son dogon bayani a kansa. Muna gaba da Enugu Rangers 3-0, suka farke duka, suka ɗauke kofin a bugun fenareti. Na riga na sa yara sun fara yanka tutocin murna tun ana hutun rabin lokaci. Allah Ya sa shekara ta zagayo, a 2019 muka je Kaduna muka doke Niger Tornadoes a fenareti 4-3 bayan an tashi babu ci, Ibrahim Musa Jugunu na koci. Shi ne karon farko da Pillars ta ɗauki wannan kofi. Tutocin Asaba na fito da su na kai Kaduna, suka ƙare tas.

Sai korona ta zo a 2020, aka mai da filin Ƙofar Mata wurin killace marasa lafiya. Pillars ta koma buga wasanninta na gida a Kaduna. A 2021 Ahmed Musa ya dawo, yana kyaftin ɗin Super Eagles, abin da duk duniya ta yi magana a kai, amma mu mutanen bakin fili ba mu gan shi a Ƙofar Mata ba. Wannan ƙaddara ce, ba laifin kowa ba, muka yi haƙuri. Na koma ɗinkin takunkumi da kayan mata, ana lallaɓawa.

Abin da ba ƙaddarar cuta ba shi ne na Afrilun 2022. An dawo da wasa Kano bayan dogon jira, da Katsina United. Na ci bashin yadi a Kwari, na cika buhuna, fili ya cika har ya batse. Wasa bai kai ƙarshe ba wasu suka tsallaka cikin fili, aka farfasa motar baƙi. Hukumar lig ta zabtare mana maki 3, ta ci tara, ta mai da wasanninmu Abuja. Ba a jima ba aka sake zabtare wasu 3 saboda cin zarafin mataimakin alƙali a wasa da Dakkada. Ƙarshen kaka Pillars mai kofin lig huɗu ta faɗa gasar 'yan dagaji, tare da Katsina United ɗin da Heartland da MFM.

A gidana ga yadda abin ya sauka. Mai yadi yana aiko yaro, ni kuma buhunan tuta na jibge ba mai tambaya. Wata rana da daddare uwargida ta ce, "Maigida, shinkafar nan ba za ta kai Juma'a ba, ga kuɗin makarantar yara." Na sayar da keke guda da janareto, na sallami yara biyu da suka fi ƙwarewa don ba ni da abin ba su. Ɗaya ya koma tuƙin adaidaita sahu, hannun da ya iya surfani. Tsohuwar da ke sayar da awara kusa da inda nake shimfiɗa kaya, wadda ke riƙe da jikoki marayu, na haɗu da ita a asibiti tana neman taimakon kuɗin magani. Wanda ya ɗauki dutse ranar ya koma gida ya ci tuwonsa ya kwanta. Ita aka hukunta.

Ina faɗin wannan da ɗaci domin na san irin yaran. Wasu a hannuna suka sayi hular da ke kansu. Ba su kai ɗaya cikin ɗari na masu shiga fili ba, kuma in ka zauna da su za su rantse maka son Pillars ne ya sa. Za su ce alƙali ya yi zalunci, kuma wani lokaci da gaskiyarsu, ni ma na sha ganin hukuncin da ya sa na ciji yatsa. To amma bayan jifan, an dawo mana da ƙwallon da aka hana? Maki aka ƙara ɗebewa. Ita ma hukumar lig ina da magana da ita. Yanzu kowa da waya a hannu, fuskar duk wanda ya tsallaka shinge tana yawo a Facebook kafin magariba. A kama shi, a kai shi kotu, a hana shi shiga fili. Rufe Ƙofar Mata gaba ɗaya horo ne ga dubban mutanen da ba su taɓa kowa ba, shi kuwa mai laifin ko a jikinsa.

Shekara ɗaya muka yi a ƙasa. A 2023 Pillars ta dawo babbar gasa, kuma abin mamaki, ko a 'yan dagaji mutanen Kano ba su daina zuwa ba. Rabi'u Ali bai gudu ba, ya tsaya har aka hau. Wannan mutum ya wuce shekara 40 da haihuwa yana ci wa ƙungiyar nan ƙwallo, yaran da na ɗinka wa riga da sunansa suna firamare yanzu 'ya'yansu suke kawowa a rubuta musu sunan. A 2024 Ahmed Musa ya sake dawowa tare da Shehu Abdullahi, wannan karon muka gan shi a gida. Na biya bashin Kwari, na sayi wani keken. A 2025 aka naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar, muka ce to, an samu wanda ya ga yadda ake yi a Turai.

A Oktoban 2025, a wasa da Shooting Stars ta Ibadan, aka sake tsallaka shinge, aka taɓa alƙalai da baƙi. Aka sake zabtare maki 3, aka kai wasanninmu Katsina. Ina tsaye a waje na ji hayaniyar ta canza, tun kafin kowa ya fito ya faɗa mini na fara naɗe kayana.

Wannan karon bashi bai kama ni ba, domin tun bayan 2022 na raba shagon biyu, rabi ɗinkin yunifom ɗin 'yan makaranta, rabi kayan Pillars. Babban ɗana ne ke bin motar magoya baya da 'yar jaka, abin da ya samu ya samu. Washegarin wasan Shooting Stars na tara yaran shagona duka, har da shi, na ce musu kowa na da 'yancin ya je kallo, ya yi ihu har muryarsa ta dishe, ya zo Litinin in ba shi kuɗin shayi. Amma duk wanda na gani a bidiyo a cikin fili, ko da dutse a hannu, ya ajiye mini almakashina ya nemi wani ogan.